Ƙorafi Kan Keken Ɗinkin da Aka Raba Kansa da Ƙafafunsa

Daga:
Mijin marigayiya mai keken kusurwa,
wanda 'yan rumfa ke kira Malam Ƙamus,
tsohon mai gyaran rubutu a maɗaba'a,
ta hannun Rumfar Masu Gyaran Gwanjo, Layin Baya, Babbar Kasuwa.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Hukumar Kula da Kasuwanni da Ƙananan Sana'o'i.

Kwafi ga: Kwamitin Gina Gada Tsakanin Addinai, da limamin masallacin kasuwa, da faston cocin bayan tasha.

Kwanan wata: Litinin, 19 ga Mayu.

Game da: raba keken ɗinki guda ɗaya gida biyu da sunan zaman lafiya, da roƙon a mayar da shi yadda yake kafin ƙarshen wannan wata.

Ranka ya daɗe,

Ranar Litinin, 5 ga Mayu, aka raba keken ɗinkin matata gida biyu. Kansa yana kulle a siton hukumarka, ƙafafunsa suna rumfa.

Na san da gaisuwa ake fara takarda irin wannan. To, ga ta nan, ta ɗan makara kamar yadda abubuwa ke makara a ofis: bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi wa mai girma Shugaba addu'ar lafiya da tsawon rai, da haƙurin karanta wannan takarda har ƙarshe. Ba ni da wanda zan yi wa dogon surutu a gida, don haka kai ne ƙaddara ta faɗa wa.

Ni ba tela ba ne. Na yi rayuwata ina farautar kuskure a littattafan mutane, har ranar da masu maɗaba'armu suka gano cewa ya fi araha a buga littafi a ƙetaren teku a kawo shi a jirgi, kurakuransa kuma kyauta. Matata ce tela. Allah ya yi mata rasuwa bara. A da, ita da abokan sana'arta sababbin kaya suke ɗinkawa. Sai dilolin gwanjo suka fara sauka. Wani a can ƙetare zai sa riga sau biyu ta gundure shi, ta hau jirgin ruwa, ta zaga duniya fiye da yadda ni da kakannina muka taɓa zagawa, ta sauka kasuwarmu a farashin da bai kai na zare ba. Telolin da ke yanka yadi suka koma rage ƙugun wandon mutanen da ba su taɓa gani ba. Marigayiya kan ce daga faɗin ƙugu take gane ƙasar da ta ƙoshi. Masana sun ce duniya ta zama gari ɗaya, na karanta, na ma gyara wa wasunsu waƙafi. Gaskiya suka faɗa. Sai dai kowane gari yana da unguwar da ake kai wa juji, ba a kuma tambaye mu ba kafin a zaɓe mu. Duk da haka, sau ɗaya a shekara marigayiya kan sayi sabon yadi ta ɗinka mini riga, don kada hannunta ya manta cewa ita tela ce ba mai faci ba.

A shekarun da gwanjo ya shigo ne ƙafafun kekenta suka tsage. A lokacin kuma kan keken maƙwabciyarta, wadda kowa ke kira Maman Tagwaye, ya cije, makaniki ya duba ya ce sai haƙuri. Matata Musulma ce, Maman Tagwaye Kirista. Babu mai halin sayen sabo a cikinsu. Sai suka ɗora kan wannan a ƙafafun waccan, suka ɗaure da noti huɗu, keke ya tashi. Ɗaya ta taka da safe, ɗaya da yamma. Wadda ba ta kan keke ita ke yanka da sa maɓalli da guga. Ba su rubuta yarjejeniya ba, ba su kira shaida ba. Faɗansu ɗaya ne, wa ta ɓoye almakashi, kuma kullum a ƙarƙashin wadda ta fi ɗaga murya ake samunsa. Tun da matata ta rasu Maman Tagwaye ke riƙe da keken, ni kuma nakan zauna a kujerar marigayiya ina karatu, ina ba da shawarar da ba a nema ba. Ba na karɓar komai sai baƙar magana, wadda ake ba ni ba awo.

Haka ma sauran rumfar take. Ran Juma'a idan Musulmi suka tafi masallaci, Kiristoci ke tsaron kayansu, su karɓi aikinsu, su yi wa masu jiran kaya ƙaryar da ta dace. Ran Lahadi a juya. Shi ya sa rumfarmu ba ta taɓa ganin kwaɗo ba. Ba wanda ya taɓa kiran wannan abu zaman lafiya. Mu dai mun ɗauka kasuwa ce.

Ga ƙorafina, ranka ya daɗe, ɗaya bayan ɗaya.

1. A ƙarshen watan Afrilu jami'inka ya zo mana da tef na awo da gwangwanin fenti ruwan ɗorawa. Yaro ne mai ladabi, ya gaishe ni har ƙasa, ba ni da abin faɗa a kan tarbiyyarsa. Ya sanar da mu cewa wata ƙungiyar agaji ta ƙetare ta zaɓi rumfarmu don gina gada tsakanin al'ummomi biyu masu zaman doya da manja. Ya duba gabas ya duba yamma, ya tambaya ina al'umma ta ɗaya take, ina ta biyu. Aka nuna masa: ga wannan na zaune a kan buhun wancan, ga wancan na shan ruwa a kofin wannan. Ya ce wannan ai hargitsi ne, masu ba da agaji ba za su gane komai a hoto ba. Washegari ya ja layi daga bakin rumfa har bangon baya, Musulmi dama, Kiristoci hagu. Ina roƙon mai girma Shugaba ya lura da hikimar: ba a gina gada sai da kogi. Da aka zo ba a tarar da kogi ba, sai aka haƙa.

2. Aka shiga rabon kayan aiki bisa adalci. Dutsen guga ya faɗa hannun dama, teburin guga ya faɗa hagu. Babban almakashi ya musulunta, rediyo ya koma coci. Akwai wani dattijo mai wasa almakashi da ba ya zuwa ko'ina ran Juma'a, ba ya zuwa ko'ina ran Lahadi, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa dalili. Jami'inka ya rasa inda zai kai shi, sai ya zaunar da shi a kan layin, har yau fenti na bayan wandonsa. Aka fasa ƙofa ta biyu, aka ba kowane ɓangare kwaɗonsa. Yanzu dama na rufe ran Juma'a, hagu na rufe ran Lahadi. Wanda ya fara cin moriyar wannan shiri ɓarawo ne, don a da bai san ranar shiga ba, yanzu kuwa hukuma ta fitar masa da jadawali. Ya ziyarci ɓangaren hagu ranar Lahadi, 11 ga wata, ya ziyarci na dama ranar Juma'a, 16. Ina shaida masa, bai nuna bambancin addini ba.

3. Wannan shi ne ƙashin bayan ƙorafina. Keken da nake magana yana kusurwar baya, inda layi ya zo ya ƙare, fenti ya bi ta ƙarƙashin matakinsa. Jami'inka ya tambaya na wane ne. Maman Tagwaye ta ce kai na Yayarta ne, wato matata, ƙafafu nata ne. Ya tsaya yana kallon keken kamar an nuna masa kaza mai ƙaho. Ya ce umarni ya ce kowane keke sai ya kasance a ɓangare guda. Na ce masa to a bar shi a hagu, na yafe. Ya ce idan ya tafi hagu, hagu za ta fi dama da keke ɗaya, daidaito ya lalace. Na ce a kai shi dama, Maman Tagwaye ta riƙa tsallakawa. Ya ce tsallakawa sai ranar Alhamis, lokacin tattaunawa. Ran 5 ga Mayu ya dawo da makaniki. Shi ne makanikin da ya haɗa keken tun farko, yanzu ya tsufa, yana kwance noti yana ba keken haƙuri. Da aka ɗaga kan, sai aka ce mai shi ta rasu, magajinta kuma ba tela ba ne, don haka kaya ne marasa mai aiki da su, sito za a kai su a adana. Aka naɗe kan keken matata a tsohon labule aka fita da shi. Ban bi su ba. Na tsaya ina duba ramin da ya bari a teburin, abin da ba na son bayyanawa a takardar hukuma.

Maman Tagwaye kuwa ta zauna ta ɗora ƙafa a mataki ta ci gaba da takawa, ƙafar keke na juyawa ba abin da take ja. Wani mai sayar da maɓalli ya leƙo daga ɗaya ɓangaren ya tambaye ta me take ɗinkawa. Ta ce iska take yi wa kalmasa, in yana da wandon iska ya kawo.

4. Kada a ce ban bi hanya ba, na bi har ta gaji da ni. Ran 7 ga wata na je ofishinku na ce na ba Maman Tagwaye kan keken kyauta, halak malak. Aka ce kyauta daga ɓangare zuwa ɓangare abu ne mai kyau ƙwarai, har ma an tsara za a koya mana ita a zango na uku na shirin, wato baɗi, sai in jira. Na ce to a rubuta ni a matsayin tela, in karɓi gadona. Aka ce sai na ci jarrabawa. Aka miƙo mini allura da zare a gaban 'yan rumfa duka. Ranka ya daɗe, idon da ya yi shekaru yana kama ɗigon da ya ɓata a shafi ya kasa samun kafar allura. Na lashi zaren har ya fara yi mini ɗanɗano. Maman Tagwaye ta yi dariya har da hawaye, ta ce: “Mijin Yaya, bar shi haka, kada ka haɗiye mana jari.” Ban ji haushi ba, don tun ran da aka tafi da kan keken ban ji ta yi dariya ta gaske ba sai ranar.

Daga nan na ɗauko liman da fasto. A babur ɗaya suka zo, fasto na tuƙi liman na riƙe da hularsa, don su ma ba su ji labarin kogin ba. Liman ya shaida wa jami'inka cewa bai taɓa ganin kan keken a sahu ba. Fasto ya ce ƙafafun ma ba su taɓa taka masa coci ba, abin da aka taɓa zuba musu kawai man keke ne. Liman ya ƙara da cewa in ma an nace kan Musulmi ne ƙafafu Kirista, to sun yi shekaru suna aiki tare ba a ji kansu ba, kamata ya yi a ɗora keken a kan mumbari mu zauna mu saurara. Jami'inka ya yi dariya, ya ce maganarsu ta burge shi, ya roƙe su su maimaita ta ranar bikin buɗe shirin. Kan keke dai yana sito.

5. An kafa mana tebur a tsakiyar rumfa, a kan layin, an sa masa suna Teburin Tattaunawa. Duk Alhamis a ajiye aiki a zauna, dama na fuskantar hagu, wani matashi mai allo ya koya mana yadda ake gaisawa da wanda ba addininku ɗaya ba. An umarci mai maɓalli ya gabatar da kansa ga Maman Tagwaye. Ita ce ta kwana a asibiti da matarsa lokacin haihuwar ɗansu na fari. Ya miƙe ya faɗi sana'arsa da abin da yake so a rayuwa, ta ce ta ji daɗin saninsa, ya kuma dawo mata da zarenta baƙi.

Ran Alhamis, 15 ga Mayu, aka yi bikin buɗewa. An kawo kujerun roba da lasifika da babban kyalle mai hoton hannaye biyu suna musabaha, ɗaya fari ɗaya baƙi, ko da yake duk rumfar kalarmu ɗaya. Baƙuwar da ta zo daga ƙetare mace ce mai fara'a, na kuma yarda da zuciya ɗaya ta zo. Ta yi hawaye da ta ga liman da fasto sun gaisa. Ban ga laifinta ba, ba wanda ya gaya mata tare suke karin kumallo. An yaye kyalle a kan sababbin kekuna biyu masu aiki da lantarki, ɗaya na dama ɗaya na hagu, aka yi tafi. Ina sanar da mai girma Shugaba cewa rumfarmu ba ta da waya ko ta shanya. Bayan hoto aka mayar da su kwalayensu aka kai sito, inda nake fata sun gaisa da kan keken matata. An yi jawabi a kan talauci, an yi a kan adalci, an yi a kan duniya da ta zama gari ɗaya. Na sa rigata mafi kyau na zauna a sahun gaba. Da aka ce akwai mai magana a cikin masu cin moriya, na ɗaga hannu. Aka dubi agogo aka ce baƙi za su makara jirgi.

6. A ranar ne kuma aka manna sanarwa cewa duk wanda ba shi da keke mai aiki zuwa 31 ga Mayu zai bar gurbinsa, a ba wani. Ranka ya daɗe, hukumarka ce ta cire wa matar nan kan keke, hukumarka ce kuma za ta kore ta don ba ta da kan keke. Na karanta littattafai da yawa, ban taɓa cin karo da da'ira mai kyau kamar wannan ba. Yanzu da hannu take ɗinki. Wandon da keke ke gamawa kafin mai shi ya gama ciniki, yini take yi a kansa, masu kawo aiki sun fara wucewa gaba suna yi mata sannu daga nesa. Mijinta ma'aikacin masaƙa ne a da, kafin dilolin nan su rufe masaƙar, yanzu gadi yake yi. Na ambace shi ne kuma don masu tsegumi su san yana nan da ransa da kulkinsa, ba abin da ya kawo ni wannan magana sai keke. Tagwayen suna ajin ƙarshe a sakandare. Da ƙafar uwarsu a kan matakin nan suka kai inda suka kai. Idan ta bar kusurwar nan, ba wata kusurwar da ke jiranta.

Na karanta littattafan addinan nan biyu, na farko don ibada, na biyu don aiki, lokacin da maɗaba'armu ke buga wa kowa. Sun saɓa a wurare da dama, ba zan ɓoye ba, ban kuma zo sasanta su ba. Amma ban ga inda ɗayansu ya yi wasa da haƙƙin maƙwabci ba, ko ya halatta a raba mai sana'a da abin sana'arsa. Talakan dama da talakan hagu wando ɗaya suke ragewa, na mutum ɗaya, wanda bai san da zamansu ba. Idan ana neman kogin da za a yi wa gada, ga shi can tsakaninsu da mai wandon, har jirgi na bi ta kansa.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon mai girma Shugaba:

a sako kan keken daga sito kafin 31 ga wata, a ɗora shi a kan ƙafafunsa, notin suna wurina a aljihu;

a bar Maman Tagwaye a kusurwarta, a rubuta keken da sunan duk ɓangaren da zai sa lissafin jami'inka ya daidaita, ko a rubuta shi da sunan dattijo mai wasa almakashi, tunda shi ma a kan layi yake;

a ba mu izinin kankare fentin da kanmu, ba ma neman ko kwabo na aikin, a kuma karɓi kwaɗunan biyu a ba mai bukata;

kada a hukunta jami'in. Abin da aka aiko shi ya yi, ya kuma yi shi da kyau, layinsa ko karkata babu. Idan masu agaji na son hoto, su zo ran Juma'a da azahar ko Lahadi da hantsi, ba tare da sanarwa ba. Teburin Tattaunawa kuma a bar mana shi, ya yi daidai da guga.

Ina fata wannan takarda ba za ta bi kan keken zuwa sito ba. Allah ya ƙara wa Shugaba girma da lafiya, ya sa a gama da mutunci.

Naka mai biyayya, gwargwadon hali,

Malam Ƙamus,
mijin marigayiya mai keken kusurwa.

Ƙarin bayani: tunda jirgin baƙi ya tashi, ga abin da na ɗaga hannu a kansa. Rigar da na sa ran bikin ita ce ta ƙarshe da marigayiya ta fara ɗinka mini. Tana ƙarƙashin allura, rabi a ɗinke, aka tafi da matata asibiti. Bayan an share makoki na dawo rumfa na tarar da ita a ninke a kan kujera, an gama, an goge. Maman Tagwaye ce ta ƙarasa ta. Niyyata in miƙe in ba jami'inka rigar da tef ɗinsa, ya nemo inda ɗinkin ɗaya ya tsaya na ɗaya ya tashi, in ya samu ya shafa fenti a wurin. Ni da neman kuskure ne sana'ata na juya ta ciki da bai, ban samu ba.

Duk shekara idan marigayiya ta gama mini riga, takan tsaya da allura a baki ta ce: “Ta yi maka?” Ni kuma, da yake hali zanen dutse ne, sai na samo abin gyara, yawanci a wuya. Wannan ba ta samu ta tambaya ba. Tunda ofishinku ba ya yar da takarda, ina roƙo a sa amsar a fayil, a adana.

Ta yi mini. Har wuyan.